Baba Na Allah da Mai Bashin da Ba Shi da Ƙofa

Ka taɓa tsayawa a sahun jana'iza ka lura da mutumin da ke magana kafin liman ya tada kabbara? Yawancinmu ba ma kallonsa. Ido na kan makara, hankali na kan ranar da ke dukan ƙeya. Amma kusan kowane gari yana da irinsa, kuma a ƙauyen da nake sayen wake, can cikin karkarar Sarkin Hausa ta gundumar Mayahi, sunan mutumin Na Allah.

Amalanke ce sana'arsa, da sa guda yake ja. Ni kuma fataucin wake da riɗi nake yi a Tasawa, kaka goma sha huɗu ke nan shi ke kwaso mini kaya daga gonaki zuwa inda kamyo, wato babbar mota, ke iya shiga. Buhu shida yake ɗorawa a sawu, ko kuka ka yi masa ba ya ƙara na bakwai. Na taɓa zama na lissafa masa cewa da yana ɗora bakwai, da a kaka guda ya samu ƙarin jika goma sha biyar, wato sefa dubu goma sha biyar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Maman Sani, ka iya lissafi. Amma ba kai ke ja ba."

Shelar jana'iza kuwa ba a biyansa ko dala. Idan an ajiye makara an daidaita sahu, sai ya fito gaba ya ɗaga murya: "Jama'a, wane ɗan wane ya riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ke bin shi, ko allura ce, ya zo ya faɗa a gaban magada. Wanda shi ke bi kuma, ya ji tsoron Allah ya kawo ma marayu." Sau uku yake faɗa, ya juya gabas, ya juya kudu, ya juya arewa. Bayan an dawo daga maƙabarta shi ke zama a ƙofar gidan, masu magana su zo su raɗa masa. Da yawa sun fi son su faɗa masa fiye da su faɗa wa ɗan mamaci ido da ido.

Na tambaye shi yadda aka yi aikin ya faɗo kansa. Ya ce daga yunwar tamanin da huɗu ne, lokacin yana saurayi, soja na mulki, rabin garin ya watse zuwa Najeriya. Ubansa, Sale, ya rasu a shekarar. An rufe shi cikin gaggawa, mutanen da suka yi masa salla ba su cika sahu biyu ba, babu wanda ya yi shela. Sai daga baya uwarsa ta gaya masa cewa akuyar da suka sha nononta, suka kuma yanka da abin ya yi tsanani, ba tasu ba ce. Aro ce daga wani makiyayi mai suna Ahmadu, mutumin wajen Issawane, wanda ya riga ya kora sauran dabbobinsa kudu, ba a san inda ya nufa ba.

Shekara shida Na Allah yana tambaya, kasuwa bayan kasuwa. A ƙarshe ya tarar da ɗan Ahmadu, Yakubu, a kasuwar Mayahi. Uban ya rasu, ɗan bai ma san da wata akuya ba. Na Allah ya jawo akuya da ɗiyarta, ya kira mutum biyu suka tsaya shaida, Yakubu ya kama igiya ya ce, "Na karɓa, na yafe." Na Allah ya ce mini sai ranar ya ji an gama rufe kabarin ubansa. Tun daga nan duk jana'izar da ya ga za a tada salla babu shela, sai ya fito ya yi. A hankali liman ya bar masa.

To, wannan mutumin ne bashin salula ya kama.

Shekarar da soja suka sake karɓar mulki aka rufe iyaka da Najeriya, a wajen su Na Allah kuma ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke fid da kai. Wake ma bai yi abin kirki ba. Ni da na saba haɗa buhu ɗari uku daga ƙauyukan nan, da ƙyar na haɗa saba'in. Ga tsadar dusa, ga harawa babu. San Na Allah ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa.

Yana da babbar salula, ɗansa Danda da ke haƙar zinari a arewa ya aiko masa don su riƙa saƙon murya. Ranar wata kasuwa wani mutum ya zo bisa moto, wato babur, da riga mai tsabta, ya zauna gindin itacen bedi yana sa wa mutane wata manhaja a waya. Ba a neman jingina, ba a neman mai tsaya maka. A ɗauki hoton fuskarka da katin ɗan ƙasa, ka danna inda aka ce ka danna, kuɗi su shigo asusun wayarka kafin ka tashi. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don a sanina kawai sau uku ya canza.

Na Allah ya nemi jika talatin. Ashirin da huɗu suka shigo, aka ce shida kuɗin aiki ne. Zai biya talatin da shida bayan mako biyu. Ya sayi dusa da harawa, yana sa ran jigilar wake za ta biya. Waken da babu. Mako biyu suka cika bai da ko rabi, aka fara ɗora masa jika guda a kowace rana. Da aka ƙara wata biyu adadin ya kai casa'in da shida.

Abin da bai sani ba shi ne dannawar nan da ya yi ta buɗe musu duk lambobin da ke cikin wayar. Wata safiya saƙo ya shigo mini, hoton Baba Na Allah da hularsa ta saƙi, ƙarƙashi an rubuta da faransanci da Hausa cewa wannan mutum ɓarawo ne, ya ci kuɗin mutane ya gudu. Liman ya samu. Maigari ya samu. Surukansa sun samu. Danda ya samu can arewa. Lamba ɗari da goma sha ɗaya ke cikin wayar, daga baya na ƙirga.

Babu wanda ya yarda Na Allah ɓarawo ne. Amma a makon aka yi rasuwar wata tsohuwa, Uwani. Aka ajiye makara, aka daidaita sahu, liman ya waiwaya yana jira. Na Allah na sahun ƙarshe, kai a sunkuye. Da shirun ya yi yawa liman ya yi shelar da kansa, sau ɗaya, da muryar da ba ta wuce sahu na uku ba. Babu wanda ya hana Na Allah. Shi ya hana kansa.

Ranar kasuwar Tasawa na ratsa ta wajen dabbobi sai na hango san, na gane shi da karyayyen ƙahonsa na hagu. Dillali na riƙe da igiya, Na Allah na tsugune gefe, matarsa Zara'u na tsaye kansa da hannu a ƙugu. Tun daga ƙauye ta biyo shi.

"Yawwa, ga ɗanka nan," in ji ta. "Maman Sani, zo ka ji. Zai saida san ya biya aljanu."

"Ba aljanu ba ne, Zara'u. Mutane ne."

"Ka gan su? Ina gidansu? In ka saida shi, kai za mu ɗaura ma amalanken?"

Na tambayi dillali nawa aka taya. Jika ɗari da sittin, don iyaka a rufe take, masu saye ba su da yawa. Na ja Baba gefe na yi masa lissafin a ƙasa da tsinke. In ya biya casa'in da shida, sittin da huɗu za su rage, ba su sayen ko ɗan maraƙin kirki. San nan kuwa, ko a mummunar shekara, yana shigo da abin da ya fi jika ɗari biyu tsakanin kaka da jigilar ƙasa da taki. In ya tafi, gidan mutum tara ya rasa abin da ke ciyar da shi.

"Na san wannan duka," ya ce. "Amma shekaruna sittin ba ɗaya. In na faɗi gobe, aka yi shela, wa zai fito? Ba su san an yi ba. Haka za a rufe ni da shi."

Na roƙe shi ya ba ni zuwa la'asar. Muka bar san hannun Zara'u, na kai shi wata kes ta ajiya da bashi da nake hulɗa da ita a nan Tasawa. Mai karɓar baƙi a wurin Habsatu ce, shekara goma tana aikin. Ta ba shi kujera, ta karɓi wayar, ta daɗe tana dube-dube.

"Baba, ka ga takardar can cikin gilashi a bango?"

"Na gan ta, ɗiyata. Ban iya karanta ta."

"Agireman ɗinmu ke nan, izinin da ma'aikatar kuɗi ta ba mu. Duk wanda zai mai da ba da bashi sana'a a ƙasar nan, sai da irinta, da lambarta, da adireshin inda yake. Su waɗannan na duba ko'ina, ba lamba, ba adireshi. Kuma akwai iyakar ruwan da doka ta yarda a ɗora. Mu irinmu ba mu wuce kashi ashirin da huɗu cikin ɗari, a shekara."

Nan take na buga a kaina. Jika ashirin da huɗu, ko shekara cur suka yi a hannunsa, ruwansu bai kai jika shida ba. Su sun nemi goma sha biyu a mako biyu, ban da tarar kullum.

"Ni ba alƙali ba ce," in ji Habsatu. "Abin da zan ce, kar ka saida komai tukuna. Ka nemi su ba ka lambar izininsu da inda biro ɗinsu, wato ofishinsu, yake. Saƙon ɓata suna kuma kar a goge, a kai ma jandarma."

Ni dai na ji daɗi. Na ce, "Shi ke nan, Baba. Ba su da izini, ba su da bakin kai ka ƙara ko'ina. Kar ka ba su ko dala."

Ya dube ni kamar na ce a ɗora buhu na bakwai.

"San ya ci dusar ko bai ci ba?"

"Ya ci."

"To da kuɗin wa? Takardar bango tsakaninsu da gwamnati ce. Ruwan da suka ɗora, yanzu na ji ba hakkinsu ba ne, ban biya. Amma ashirin da huɗun nan sun shiga hannuna. Ina mai su?"

A nan matsalar take. Habsatu ta nuna mana cewa lambar da ake cewa ya tura kuɗi ba ɗaya ba ce, lamba biyar daban-daban ne cikin saƙonnin, kowace da sunan wani. In ya tura ashirin da huɗu, za su ce tarar kullum kawai ya biya, bashin na nan. Babu rasit, babu wanda zai ce ya karɓa.

Muna cikin haka wayar ta yi ƙara. Habsatu ta buɗe murya ta ajiye bisa tebur. Wani saurayi ne, da Hausar da ba ta nan ba, yana sauri kamar mai karanta abu: yau ce rana ta ƙarshe, in ba a biya ba za a tura hoton ga duniya.

"Salamu alaikum," in ji Na Allah.

Saurayin ya ɗan tsaya. "Wa alaikumus salam. Baba, maganar kuɗin..."

"Za mu zo kanta. Mi sunanka?"

"Sunana ba ya cikin maganar."

"Ɗan wa ne kai? Wane gari?"

"Baba, kamfani ne ke bin ka, ba ni ba."

"To madalla. Ina ƙofar kamfanin? Ina da amalanke, ko ina ne zan zo. In kawo abin da na karɓa, da shaidu biyu, mai shi ya ce ya karɓa."

"Ba a zuwa. Turawa ake yi."

Habsatu ta sunkuyo ta nemi lambar agireman, da faransanci. Ya ce zai tambayi shugabansa. Na Allah ya ce, "Tambaye shi har da wannan: in na mutu, wa zai zo jana'izata ya ce yana bi na?"

Sai saurayin ya ce, da wata murya daban, a hankali, "Baba, ni ma aiki nake. Allah ya ba ka tsawon rai." Ya kashe.

Na Allah ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce, "Yaron nan yana da tarbiyya. Allah ya fid da shi." Sannan ya miƙe ya ce mu je a kwance san.

Na ce zan ba shi ashirin da huɗun, a cire a jigilar baɗi. Ya ƙi, ya ce bai fita daga wani rami ya faɗa wani ba. Zara'u ce ta sayar da tunkiyarta jika goma sha bakwai, shi kuma ya haɗa bakwai da jigilar ƙasar tubali. Da za ta miƙa masa ta ce, "Bashi ne fa, Malam. Ni ina da ƙofa, ka san ta. Kuma ni zan zo jana'izar."

Ya kai wa liman kuɗin a ƙulle cikin tsumma, suka yi shawara. Ranar Juma'a ina garin, na je ne musamman. Da aka sallame, kafin mutane su miƙe, Na Allah ya fito gaba inda ya saba tsayawa in akwai makara. Wasu suka fara waige-waige suna neman wa ya rasu.

"Jama'a, ba a yi mutuwa ba. Ni ne, Na Allah ɗan Sale, da raina. Kun ga hotona a wayoyinku. Gaskiya ne ana bi na. Jika ashirin da huɗu na karɓa, ga su nan hannun liman, ku shaida. Mai su ya zo da fuskarshi da takardar izininshi ya karɓa. In na mutu bai zo ba, kun ji inda suke."

Ya juya gabas ya faɗa, ya juya kudu, ya juya arewa. Babu wanda ya yi dariya. Wani tsoho daga baya ya ce, "Mun shaida," sauran suka amsa.

Da la'asar yana zaune ƙofar gidansa, sai aka fara zuwa ana raɗa masa, kamar ranar zaman makoki. Mutum tara, daga garin da ƙauyuka biyu na kusa, duk mai moto ɗin ne ya sa musu manhajar. Ɗaya ya riga ya sayar da gonarsa ta gado. Wani ya jefa wayar a rijiya, yana zaton da ita bashin zai nutse. Na haɗa lissafinsu: abin da ya shiga hannunsu duka jika ɗari biyu da goma sha biyu, abin da ake neman su biya ya haura ɗari bakwai. Muka ɗauki hayar mota muka je jandarma a Mayahi su goma, aka rubuta bayanin kowa, aka ɗauki hoton saƙonnin. Abin da ya biyo baya a can ban sani ba, ba zan ƙara da abin da ban gani ba. Kira da saƙo sun ci gaba wajen wata guda, sannan suka ɗauke. Ko ƙarar ce, ko sun gaji ne, ko sun koma wani suna, Allah masani. Mai moto dai bai sake zuwa kasuwar ba.

Kuɗin sun shekara a hannun liman babu wanda ya zo. Liman ya ce a yi sadaka da su da sunan mai su, da sharaɗin in ya bayyana daga baya Na Allah zai biya shi, ladan ya dawo kansa. Aka sayi hatsi aka raba wa gidaje huɗu na marayu. San na nan, ya murmure, bara buhu ɗari da tamanin ya kwaso mini. Tunkiyar Zara'u ma an biya, da ɗan rago a kai, don ta ce ita ma tana da nata kuɗin aiki.

Na Allah ya koma shela. Ya ƙara magana ɗaya a ƙarshe: "Magada kuma su duba wayarshi." Na tambaye shi ko yanzu hankalinsa ya kwanta. Ya ci gaba da gyara igiyar amalanke.

"Ya kwanta, amma ba duka ba. Liman ya ce na fita, na kuma yarda da liman. Sai dai har yau ba wanda ya ce mini ya karɓa."

Lissafina dai bai kai nan ba.

Abin da na iya yi shi ne wannan. Tun lokacin duk saƙon da ya shigo mini na tayin bashi cikin minti biyar, ina amsawa da tambaya biyu: mece ce lambar izininku, kuma a wane gari, wace unguwa biro ɗinku yake? Sau bakwai na aika. Biyar ba su sake magana ba, ɗaya ya zage ni, ɗaya ya turo lamba da adireshi a Maradi, na sa Habsatu ta bincika, ta ce na gaskiya ne. Kuɗin saƙon bai kai na kofin shayi ba. In irin wannan tayi ya shigo wayarka, ko ta mahaifinka a ƙauye, don Allah kafin a danna komai ka aika musu tambayoyin nan biyu, ka jira ka ga wa zai amsa.